Tafintan Auta

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da jama'ar ikilisiyarka. Su dai su ci gaba da kiranka Fasto, ni Dogo na sani tun kana yawo ba wando.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa. Dalili kuwa, in na kira ka a waya, kafin in kai ƙarshen magana ka riga ka jefo mini ayoyi, sai in kashe ban faɗi abin da ya sa na kira ba. A takarda dole ka bari in gama.

Maganar Auta ce. Likita ya ce zuciyarsa ta ƙara rauni. Ƙafafunsa suna kumbura, matakalar shagona ma sai ya tsaya ya huta a tsakiya kafin ya ƙarasa. Har yanzu yana zama kusa da keken ɗinki yana ware mini maɓallai launi-launi, amma shara ta gagare shi. Ya haura arba'in, kuma likita bai ɓoye mini ba, masu irin halittarsa, waɗanda aka haifa da jinkirin hankali, ba kasafai suke kai nan ba.

Ka san tun yana yaro, kowace Lahadi yakan shiga layin masu karɓar Jibi Mai Tsarki da hannuwansa a giciye bisa ƙirji, Fada, limamin cocinmu, ya sa masa albarka ya dawo yana murmushi. Tun rasuwar Mama abin ya canza. Yanzu hannu yake miƙawa. Lahadin da ta wuce ya toge a gaban Fada ya ƙi gusawa, sai da na tashi na janye shi mutane suna kallo. Da muka koma benci ya kifa kansa a cinyata ya yi ta kuka, yana cewa a ba shi. Ni ma kukan na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Na je wurin Katikis, mai koyar da masu shirin karɓa. Ya ce sai Auta ya haddace tambayoyi da amsoshin koyarwa kamar kowa. Mutumin da sunansa ma ba ya fita daidai a bakinsa! Na ce masa ai shi da ya haddace su tun yana yaro, ban ga sun hana shi zagin matarsa a bakin titi ba. Daga nan dai ba mu rabu da daɗi ba.

Ba na so ƙanenmu ya bar duniya yana miƙa hannu ana mayar da shi. Ni abin da nake ganewa a maganarsa bai wuce yunwa da ƙishi da wanka ba. Kai ne kuka kwana ɗaki ɗaya tun kuna ƙanana, kai kaɗai kake jin yarensa tsaf. Ka zo ko na mako ɗaya ne, ka taya ni cusa masa amsoshin nan.

Ka gaida mutanen gida.

Ni ce yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta iso ni lafiya, na karanta ta a ofis, kuma labarin jikin Auta ya girgiza ni ƙwarai. Mun sa shi cikin addu'a, ni da dattawan ikilisiya.

Game da roƙonki, ki gafarce ni, ba zan iya ba. Ba zan zauna in koya wa ƙanena cewa burodi yana komawa naman Ubangiji a hannun ɗan Adam ba. Jibi abin tunawa ne, wannan shi ne abin da na yi imani da shi, saboda shi ne kuma na bar cocin iyayenmu, kin san irin hawayen da Mama ta zubar a kai. In na koyar da akasinsa a ɗakinki, da wane baki zan hau mumbari?

Na nemi wata hanya. Na tambayi dattawa ko za a karɓe shi a teburinmu. Sun ce yayyafa ruwan da aka yi masa yana jariri ba baftisma ba ce, sai ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaidar bangaskiyarsa da bakinsa, sa'an nan a nitsar da shi cikin ruwa. Na ce ni zan fassara musu shaidar. Wani dattijo ya ce to ta yaya za a san shaidar Auta ce ba ta Fasto ba. Ga shi kuma kin san yadda yake tsoron ruwa, balle yanzu da zuciya ba ƙarfi. Gaskiya ce ba mai daɗin faɗa ba, amma ƙofarmu ma ba ta fi taku faɗi ba a wannan magana.

Ki kwantar da hankalinki, cetonsa bai rataya a kan abin da aka sa masa a baki ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki bar Malama ta kai shi taron nan nasu na 'yan zamani, inda aka cire maganar zunubi daga wa'azi don kada ran kowa ya ɓaci. Ƙanwarmu ce, ina ƙaunarta, amma karatu ya kai ta inda ba a aike ta ba.

Ubangiji ya riƙe ku.

Naki cikin hidima,
Fasto.

*

Yaya Dogo,

Ina gaisuwa. Yaya babba ta nuna mini wasiƙarka, na ga inda ka ambace ni, na gode da addu'a. Sai dai gargaɗinka ya makara, na riga na kai shi.

Ka san muna haɗuwa ne a wani zaure a saman kantin littattafai. Kujeru a zagaye, ba mumbari, ba bagade, wanda ya ja sujada yau gobe shi ne mai wanke kofuna. Ranar wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja. Ba ma tambayar kowa takardar baftisma, don mun yi imani mai teburin bai sa mai gadi ba. Na shiga da Auta kaina a sama, ina cewa a raina yau zan nuna wa yayyena biyu yadda ake yi.

Kwandon burodin Jibi ya zagayo kansa. Ya ɗauki gutsure, ya juya shi, ya shinshina, sai ya ce, "Bodi." Ya dube ni ya tambayi ina shayi. Da ya ga ba shayi, sai ya sa shi a aljihu don anjima. Mutane suka yi dariya ta ƙauna, ni kuwa na shiga banɗaki na yi kukana. Har gobe na yarda Almasihu yana cikin kwandonmu, ba wanda zai raba ni da wannan. Amma Auta ba shi yake nema ba. Layin nan da aka yi shekaru ana mayar da shi, shi yake so ya kai ƙarshensa.

Haushi ya sa na ɗauko dokokin cocin Katolika na zauna na bi su, irin yadda nake bin jarrabawar ɗalibaina da jan biro. Ashe babu inda suka ce sai an haddace. Abin da ake bukata ga mai irin lalurarsa shi ne ya iya bambance Jibi da abinci na yau da kullum, ko da alama ce. Katikis ɗin nan da ka yake aiki.

Na je ofishin Fada. Rabona da harabar nan tun ranar da na rantse ba zan sake taka wurin da ake hana mace tsayawa a bagade ba. Na tafi da faɗa a bakina. Tsohon ya saurare ni har na gama, ya tambayi me Auta ya yi da burodinmu, na faɗa masa. Ya tambayi ko ya taɓa neman shayi a layinsu, na ce a'a, can har hula yake cirewa tun daga benci. Sai ya yi murmushi ya ce ai na kawo hujja da kaina.

Ka ji fa, teburinmu ne ya zama shaidar koyarwarsu. Na haɗiye, don ba don su na je ba. Fada ya ce a kawo Auta.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Ƙanwarka,
Malama.

*

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka gyara zama, don abin ya ɗauki wata hanya.

Fada ya amince, Katikis ya sha kunu har yau ba ya amsa gaisuwata. Na yanka farin yadi na ɗinka wa Auta riga. Sai na tambayi Fada maganar ikirari, wato furta zunubi da ake yi kafin a fara karɓa. Ya ce ga mai irin halin Auta ba lallai ba ne. Malama tana wurin ta cafe, ta ce dama wane zunubi Auta yake da shi, kada a ɗora wa bawan Allah nauyin da ba nasa ba. Karo na farko ke nan da na ga ita da Fada sun yarda a kan abu ɗaya. Ba wanda ya tambayi mai abin.

Ran Asabar mun je share coci, ina jera furanni, na waiga ban gan shi ba. Ashe ya shiga layin masu ikirari. Ya shiga ɗakin ya daɗe, ana jiyo muryarsa ta bayan ƙofa tana hawa tana sauka. Daga baya Fada ya ce mini ko kalma ɗaya bai kama ba, ya dai sa masa albarka ya sallame shi. Auta ba wawa ba ne, ya san ba a ji shi ba. Ya fito yana bugun ƙirjinsa, ranar ko ruwa da ƙyar ya sha.

Da Lahadi ta zo na sa masa farar rigar. Aka tashi layi, na kama hannunsa, ya riƙe benci gam ya ƙi tashi. Shekaru yana kallo, ya lura wanda bai yi ikirari ba zama yake yi. Mutumin da ake janyewa daga gaban Fada, yau ga hanya a buɗe, shi ne ya ƙi.

Akwai abin da ke cinsa, Dogo, ban san ko mene ne ba. Na ce masa to mu shiga tare in gaya wa Fada abin da yake faɗa. Ya toshe bakinsa da hannu biyu, ya tura ni waje ya rufe ƙofar ɗakinsa. Ta bayan ƙofa na ji yana kiran sunan nan da yake kiranka da shi: "Gogo. Gogo."

Malama ta sake komawa kan dokokinta, ga abin da ta samo, Fada kuma ya tabbatar. An yarda mutum ya yi ikirari ta bakin tafinta. Sharaɗi ɗaya ne, tafintan yana shiga ƙarƙashin sirri irin na Fada, abin da ya ji ba zai faɗa wa kowa ba har ya mutu. Na tambaya ko sai ɗan Katolika. Fada ya ce shi dai wanda Auta ya zaɓa, in zai riƙe amana.

Na san abin da nake roƙo. Ba ka bukatar ka yarda da komai namu. Kunnenka da bakinka kawai nake son aro na rabin yini.

Ni ce yayarka, wadda ta goya ka.

*

Zuwa ga Yaya,

Salama a gare ki. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya.

Ban sani ba ko kin san girman abin da kike nema. Watan jiya na gama jerin wa'azi a kan cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutum, kuma ba ɗan Adam da ke da ikon yafe zunubi. Akwai waɗanda suka bar cocinku suka zo wurinmu saboda wannan koyarwa, wasu iyayensu sun daina yi musu magana a kai. In suka ji Fastonsu ya shiga ɗakin ikirari ya zauna kusa da Fada, me zan ce musu? Dattawa ba za su bar maganar ta wuce ba, suna iya sauke ni daga mumbari, kuma ba zan ce ba su da hujja ba.

Auta zai iya gaya wa Allah damuwarsa a ɗakinsa, Allah ba ya bukatar tafinta. Ki gaya masa haka. Amsata ke nan, kuma ina ganin ita ce daidai.

Na rufe ambulan na sake buɗewa don tambaya ɗaya. Da gaske sunana ya kira, ko ke ce kika ƙara don ki karya mini zuciya? Na san halinki.

Naki,
Fasto.

*

Dogo,

Gaisuwa. Da gaske ne, kuma har yanzu yana kira. Na gaya masa Allah yana ji daga ɗaki, ya girgiza kai. Jiya an ƙara masa magani. Ran Asabar da yamma ake ikirari.

Yayarka.

*

Zuwa ga ƙanena, Fasto,

Ka ga yau na ba ka sunanka, ka ci shi. Gaisuwa da godiya, tare da fatan ka isa gida lafiya, ka kuma sami hawa mumbarinka a kan lokaci.

Har yanzu dariya nake in na tuna yadda ka shigo harabar coci da kwalarka ta fasto a wuya, kana tafiya kamar wanda ke taka ƙaya. Na zaci za ka cire ta a mota. Matan zumunta sun gaya mini cewa da Katikis ya tare ka yana tambayar abin da ya kawo ka, ce masa ka yi, "Aiki aka kira ni." Ni kuwa abin da ba zan manta ba shi ne yadda Auta ya hango ka ya taho da gudunsa na mai ciwon zuciya, ya ja ka har ɗakin ikirari, ya kuma rufe ƙofa a fuskata karo na biyu. Kun daɗe. Da kuka fito idanunka jawur, na Fada ma haka, Auta kaɗai ne yake washe baki. Ka ƙi tsayawa ko ruwa ka sha, don haka bari in ba ka labarin Lahadi.

Tun gari bai gama wayewa ba ya sa farar rigarsa, ya zauna a bakin gado da takalma a ƙafa. Muna isa sai ga Malama a bakin ƙofa, wadda ta rantse ba za ta ƙara shiga ba. Ta ce ba sujada ta zo ba, sa ido ta zo yi kada a sake yi masa wata ƙeta. Bayanta kuma mutanen zaurensu ne, har da ma'aikaciyar jinyar nan, suka cika benci guda a baya suna ta kallon gumaka kamar 'yan yawon buɗe ido.

Da aka tashi layi ban kama hannunsa ba, shi ya tashi. Na bi bayansa. Ya tsaya sau ɗaya ya huta, ba wanda ya wuce shi, duk layin ya tsaya yana jira. Ya isa, ya miƙa hannuwansa ɗaya bisa ɗaya. Fada ya ɗaga Jibi ya faɗi kalmomin da ake faɗa. Ka san Auta da wannan kalma ba ta taɓa fita daidai ba, amma ranar har mutanen baya sun ji.

"Amin," in ji shi.

Ya ci. Bai juyo nan da nan ba, ya tsaya idanunsa a rufe, Fada bai hanzarta shi ba. Da ya juyo sai ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda ya ci ƙwallo. A cocinmu ba a tafi a lokacin Jibi, amma mutanen Malama ba su san doka ba, suka kama tafi, sai ga matan zumunta sun biye musu, mawaƙa suka ɗauka, coci ya rikice. Katikis ya ɗaga hannu zai tsawatar, Fada ya dube shi, sai ya mayar da hannun yana sosa ƙeya. Ni ban san lokacin da na durƙusa a tsakiyar hanya ba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, Dogo, ko ranar aurena.

Malama ta sha kuka har gyalenta ya jiƙe, amma muna fitowa ta tare Fada da maganar a riƙa naɗa mata su ma su zama Fada. Shi kuma ya ce ta zo ofis ran Talata su ci gaba. Ina ganin sun sami abin yi har ƙarshen rayuwarsu.

Auta yana cin abinci, yana barci, jiya har ya karɓe tsintsiya daga hannuna ya share rabin shago kafin in ƙwace. Likita ya ce ciwon yana nan yadda yake, ban yaudari kaina ba. Amma duk ranar da ta zo, ba da hannu a miƙe zai tafi ba.

Yanzu saura abu ɗaya. Ni na yi masa wanka, ni na share masa majina tun yana jariri. Me ya faɗa a ɗakin nan da har ya sa maza biyu kuka? Game da Mama ne? Ko ni ce na yi masa wani abu? Kai ba ɗan Katolika ba ne, dokarsu ba ta hau kanka ba. Ka ɗan gutsura mini, ba zan gaya wa kowa ba. Ka kuma faɗa mini yadda kuka ƙare da dattawa.

Ni ce yayarka mai alfahari da kai.

*

Yaya,

Salama. Na karanta labarin Lahadi a tsaye, na sake karanta wa maiɗakina, muka yi waƙar yabo a kicin.

Dattawa sun zauna. Sun ce in faɗi abin da aka yi a ɗakin don su auna laifina, na ce ba zan faɗa ba. Sun ba ni hutun mumbari na ɗan lokaci. Ban canza koyarwata ko kaɗan ba, na gaya musu haka, na gaya wa Fada ma. Amma yanzu ina zama a benci cikin jama'a, raina fes.

Ke ma amsarki ke nan. Ba Fada na yi wa alkawari ba, Auta na yi wa. Dukanmu mun ɗauke shi yaro, ashe mutum ne mai nasa tsakaninsa da Allah, kuma ya sauke shi.

Ki rungume mini shi. Ki ce masa Gogo bai faɗa wa kowa ba.

Naki,
Dogo.